Ɗakin Karatu a Makarantar Firamare: Abin da Ya Kamata Iyaye da Malamai Su Sani

An shirya wannan ɗan littafi ne domin iyayen yara, da malaman firamare, da 'yan kwamitin kula da makarantu, da dagatai da masu unguwanni, da duk wani mai hannu cikin sha'anin ilmin yara ƙanana. Abin da za a yi bayani a kansa shi ne ɗakin karatu na makarantar firamare, wanda wasu ke kira laburare, da yadda za a yi amfani da shi a koya wa yaro abu biyu, watau karatu, da kuma aiki da na'urorin zamani irin su kwamfuta. An ɗauko yawancin misalan daga Kafanchan da kewayenta a kudancin Jihar Kaduna, domin a can an daɗe da jarraba waɗannan abubuwa, an ga inda suka yi kyau, an kuma ga inda suka ba da wahala. Amma maganar ta shafi kowace makaranta a Nijeriya.

ABIN DA YA KAWO MAGANAR

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta daina yin jarrabawar shiga jami'a da takarda da fensir, kowa sai ya zauna gaban kwamfuta. Cikin 2024 kuma hukumar WAEC ta soma yin haka ga masu ɗaukar jarrabawarta daga waje. Iyaye sun ga wannan, hankalinsu ya tashi, kuma da gaskiyarsu, gama ba wanda zai so ɗansa ya fara taɓa kwamfuta ran jarrabawa. Saboda haka in an yi taron iyaye da malamai, ko ƙungiyar ci gaban gari ta tara kuɗi, abin da aka fi ambata shi ne a sayo wa makaranta kwamfutoci.

To, amma akwai abin lura. Tambayar da ke fitowa a fuskar kwamfuta rubutu ce, umurnin da ke gaya wa yaro inda zai danna shi ma rubutu ne. Cikin 2022 Bankin Duniya da UNICEF da UNESCO sun ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba. Yaron da ke cikin wannan hali, in aka zaunar da shi gaban na'ura, hotuna kawai zai kalla. Hausawa suka ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ruwan cikin nan shi ne karatu. Don haka shawarar wannan Ma'aikata ga kowace makaranta ita ce, littafi tukuna, sa'an nan na'ura, kuma a haɗa su a ɗaki guda, a hannun malami guda wanda ya san aikinsa.

Ɗakin karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Dattawa suna tune da ɗakunan karatu na En'e, inda ake zuwa a karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Bayan an buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa cikin 1976, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta lissafa ɗakin karatu cikin abubuwan da ya wajaba a tanadar wa makarantu, cikin 1992 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da ƙa'idodin da ya kamata ɗakin karatu na makaranta ya cika. A takarda dai ba a bar kome ba. Amma duk wanda ya zaga makarantu ya san cewa a wurare da yawa abin da ake kira laburare kabad ne a ofishin hedimasta, a kulle, ba a buɗe shi sai ran da mai duba makarantu zai zo.

YARO ƊAYA, HARSHE UKU

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun 1927 ya zama mahaɗa inda hanyar da ta taso daga Fatakwal ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau Jos, kuma ma'aikatan reluwe suka taru daga kowane sashe na Nijeriya suka zauna tare da 'yan ƙasa. Makarantar boko ma ta daɗe da shiga yankin, gama 'yan mishan sun zauna a Kwoi tun 1910. Ƙasa ce mai harsuna da yawa. Akwai Tyap wajen Zangon Kataf, da Jju wajen Zonkwa, da Hyam wajen Kwoi, da Gworok a Kagoro, da Fantswam da Nikyob a gefen Kafanchan kanta, ga Fulatanci, ga Hausa wadda ita ce ke haɗa kowa a kasuwa da tasha.

Ke nan yaro a Kagoro yana iya tashi da Gworok a gida, ya yi wasa da Hausa a waje, ya je aji ya tarar da Turanci. In aka miƙa masa littafin Turanci tun ran farko, an ɗora masa kaya biyu ne a lokaci guda: ga koyon yadda ake mai da haruffa su zama magana, ga kuma koyon harshen da bai ji ba. Da yawa a nan suke tsayawa. Sai su koyi rera abin da malami ya faɗa, su haddace shafi da hoton da ke kansa, har a ɗauka sun iya karatu, alhali in aka rubuta kalma guda a allo ba su gane ta.

Manufar 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suka fi ji, kafin a koma Turanci. Cikin 2022 aka amince a faɗaɗa wannan zuwa shekara shida ta firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar cewa da Turanci za a riƙa koyarwa. Wannan magana ce ta harshen da malami zai yi darasi da shi a cikin aji. Kantar ɗakin karatu kuwa tana iya ɗaukar kowane harshe, kuma lalle ne ta ɗauka. Dalili shi ne, dabarar karatu sau ɗaya ake koyonta. Yaron da ya gane cewa baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da gaɓa, gaɓoɓi su ba da kalma, ya gane har abada, kuma zai tafi da wannan dabara cikin Turanci. Rubutun Hausa yana da sauƙi ta wannan fuska, domin kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa. Turanci ba haka yake ba, harafi guda yakan yi sauti uku ko huɗu. Tyap da Jju su ma suna da ƙa'idar rubutu, an fassara Sabon Alkawari cikinsu, har ma an buɗe Wikipedia ta harshen Tyap cikin 2022.

YADDA AKE KOYAR DA KARATU A ƊAKIN

Abu na farko ba gini ba ne, lokaci ne. A sa wa kowane aji sa'arsa ta ɗakin karatu cikin jadawalin darussa, ko da sau ɗaya a mako, kada kuma a mai da ita lokacin shara ko noman gonar makaranta. In babu ɗaki, akwatin ƙarfe mai murfi da tabarmi biyu a gindin mangwaro sun isa a fara.

Ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, malami ya fara da karanta musu labari da babbar murya. Ya riƙe littafin yadda za su ga shafi, yana bin kalmomi da yatsa daga hagu zuwa dama, yana sauya murya in Gizo ne ke magana ko Ƙoƙi. Ya tsaya a tsakiya ya tambaye su abin da suke tsammani zai faru, in ya gama kuma ya sa ɗaya ya maimaita labarin da bakinsa, da kowane harshe ya fi iyawa. Wasu malamai suna ganin wannan wasa ne. Ba wasa ba ne. A nan ne yaron da babu littafi ko ɗaya a gidansu yake gane cewa baƙaƙen nan na takarda magana ce aka adana, kuma mai daɗin ji.

Bayan haka sai a raba musu littattafai, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Wannan shi ne wurin da aka fi yin kuskure. A ware littattafai kashi uku ko huɗu, a shafa wa bayan kowane kashi fenti mai launi dabam: masu kalma biyu ko uku a shafi, da masu jimla guda, da masu cikakken labari. Ba da aji ake rabawa ba, da iyawa ne, domin a aji huɗu akan sami wanda bai wuce kashi na farko ba, a aji biyu kuma a sami yarinyar da ta kai na uku. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Sau ɗaya a zango malami ya kira yaro shi kaɗai, ya ba shi rubutun da bai taɓa gani ba, ya saurare shi minti guda, sa'an nan ya yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta. Ya rubuta abin da ya ji a rajista. Kada a yi wannan a gaban 'yan aji, kada kuma a riƙe bulala. Yaron da aka ba kunya a kan littafi ba ya sāke son ganinsa.

Manyan yara su riƙa zama da ƙanana biyu-biyu, babba yana saurare, ƙarami yana karantawa. Dukansu suna ƙaruwa.

Sai maganar ba da aro. Hedimastoci da yawa suna tsoron kada littafi ya ɓata a tambaye su. Gaskiya ne wasu za su yage, wasu ruwa zai dake su, wasu ma akuya za ta taɓa. Amma littafin da ya tsufa a hannun yara ya yi aikin da aka saye shi dominsa, wanda gara ta cinye a cikin kabad kuwa hasara ce tsantsa. A buɗe rajistar aro, a naɗa yara biyu daga aji shida su riƙa rubutawa, a ba da littafi ran Juma'a a karɓa ran Litinin. Iyayen da ba su yi boko ba su ma suna da aiki a nan: su ce wa yaro ya karanta musu, su saurara.

Waɗanne littattafai? Na Hausa akwai tsofaffi masu kyau, irin su jerin Ka Koyi Karatu, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam ga manyan yara. Akwai kuma sababbi da aka shirya musamman domin 'yan aji ɗaya zuwa uku, kamar na shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato, da na shirin RANA a Katsina da Zamfara. A haɗa da na Turanci masu hotuna da gajerun jimloli, da ƙamus, da taswirar Nijeriya. In mai kyauta ya kawo katan cike da littattafan jami'a daga ƙasar waje, a yi masa godiya, a kai su makarantar da za su yi amfani. Cika kanta ba shi ne nufi ba. A kudancin Kaduna, inda damina ke da tsawo da ruwa mai yawa, a ɗaga kantoci daga ƙasa, a janye su daga bango, a riƙa buɗe tagogi.

DARASIN BAYAN LOKO

A unguwar Bayan Loko ta Kafanchan akwai Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa cikin 1996. Da ba wa matan karkara ƙananan basussuka ta fara, daga baya ta shiga koyar da kwamfuta, tun lokacin da mutanen ƙauye da yawa ba su taɓa ganinta ba. Abin da ta gamu da shi darasi ne ga kowa. Kwamfutocin da ake samu tsofaffi ne da aka gyara, waɗanda aka ƙera domin ofisoshi masu sanyi da wuta ba yankewa. A nan kuwa ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga wutar lantarki mai zuwa da tafiya. Sai da aka kafa farantan hasken rana da manyan batura kafin aiki ya zauna. Gidauniyar ta kuma kafa hanyar sadarwa marar waya mai suna Zittnet domin kai intanet ga maƙwabta, amma cikin 2008 guguwa ta kayar da dogon ƙarfen da ke ɗauke da na'urorin. Watau sayen na'ura shi ne ƙaramin aiki. Wuta, da gyara, da mutumin da zai kula, su ne babban aiki.

Akwai wani abu kuma da aka yi a can wanda ya dace da makarantun ƙauye ƙwarai. Cikin 2004 aka soma kwas na malaman karkara, kuma a ciki har da darasin yadda malami zai koyar da sha'anin kwamfuta a makarantar da ba ta da kwamfuta ko ɗaya. Kada wannan ya ba kowa dariya. Yaro yana iya sanin inda kowane harafi yake tun daga madannan da aka zana a bayan kwali, ta yadda ran da ya sami ta gaske minti goman da aka ba shi ba za su tafi wajen neman harafi ba.

An kuma jarraba ɗaya hanyar, ta a fara da na'ura. Cikin 2007 aka raba wa yaran makarantar firamare ta Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa. Ƙasar Peru ta yi irin wannan a makarantu masu yawa, kuma da aka bincika, rahoton 2012 ya nuna cewa yaran sun iya sarrafa na'urar, amma sakamakonsu a karatu da lissafi bai ƙaru ba. Na'ura ba ta koyar da karatu ita kaɗai.

NA'URA A CIKIN ƊAKIN KARATU

In makaranta ta kai matsayin da ɗakin karatunta ke buɗe kowane mako, yara suna aro, rajista tana tafiya, to, lokacin kawo na'ura ya yi. Ba sai ashirin ba. Biyu ko uku masu aiki sun fi ashirin da aka lulluɓe da zane. A zaɓi ƙanana masu batir a jiki, gama ba su cin wuta kamar manya na tebur, kuma faranti na hasken rana yana iya riƙe su. A ɗinka musu riguna saboda ƙura, a cire su daga wuta da zarar hadari ya haɗu. Tun ran saye a ware kuɗin gyara, a kuma san wanda zai gyara.

Manhajar ilmi ta shekara tara da aka soma aiki da ita cikin 2008 ta sa darasin kwamfuta tun daga firamare, amma a wurare da yawa rubutu ne kawai a allo, yara suna haddace sunayen sassa. A ɗakin karatu hannu ake so ya taɓa. Daga aji huɗu yara su zauna uku-uku, ana juyawa, kuma malami ya sa ido kada maza su kankane madannai su bar mata da kallo. A fara da kunnawa da kashewa, da rubuta suna, da ajiye abin da aka rubuta da sāke nemo shi. Yaron da ya saba mayar da littafi kantarsa ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin tsarin ɗaya ne. A nuna musu yadda ake samun ɓ da ɗ da ƙ, da haruffa masu ja-layi a ƙasa na Tyap da Jju, kada su tashi suna tsammani na'ura Turanci kaɗai take ji.

Rashin intanet ba ya hana aiki. Malami yana iya zuwa gari ya sauko da abin da ake bukata ya kawo. Manhajar Kiwix tana ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. African Storybook tana da labaran yara masu hotuna kyauta, har da na Hausa. Cikin 2022 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya tare da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, inda ake samun darussan firamare da sakandare.

Aikin da ya fi haɗa karatu da na'ura shi ne yara su yi littafinsu da kansu. Misali 'yan aji biyar su ɗauki maganar citta, wadda ita ce arzikin Kachia da Kwoi, da cutar da ta lalata gonakinta cikin 2023. Su duba abin da littafi ya ce, su duba na kwamfuta, su tambayi manomi da malamin gona, sa'an nan su rubuta shafi shida da zanensu. Wasu su ɗauki gumakan yumɓu na Nok da aka fara tonowa cikin 1928, wasu bikin Afan na Kagoro, wasu tatsuniyar da kaka ta ba su. A buga a kwamfuta, a fitar a takarda a gari, a ɗinke, a sa a kanta da sunayensu. Akwai manhaja kyauta mai suna Bloom da aka yi musamman domin shirya irin waɗannan littattafai cikin harsunan da ba su da littattafai da yawa. Ta haka harshen da ba a sayar da littafinsa a kasuwa yake samun abin da ƙananan yara za su karanta.

A aji shida a ƙara musu da abu guda wanda manya ma suna bukatarsa: ba duk abin da ya fito a waya ne gaskiya ba. A koya musu tambayar wa ya faɗa, yaushe, kuma a ina aka ɗauki hoton. Yankin da ya ɗanɗana abin da jita-jita ke jawowa ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. A gargaɗe su kada su ba baƙo sunansu ko hotonsu ko kalmar sirri, kuma a juya fuskar kowace na'ura inda malami zai gan ta.

WA ZAI RIƘE, KUMA INA KUƊI?

Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko, a hannun hukumar UBEC, kuma jiha tana karɓar rabonta na ayyuka ne in ta ajiye nata kason. Hanyar neman taimako ita ce kwamitin makaranta ya rubuta wa Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, shi kuma ya kai ga hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha. A rubuta abin da ake so dalla-dalla, a haɗa da rajistar aro da ta sauraren karatu, domin su ne shaidar cewa ɗakin yana aiki. Kafin amsa ta zo, kafinta na gari yana iya yin kanta, tsofaffin ɗalibai kuma kowa ya kawo littafin yara guda.

Hedimasta ya zaɓi malamin da shi kansa yake son karatu, ya rage masa darussa, ya kuma nemar masa horo. Kwalejin Ilmi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya kusa da Kafanchan, wadda aka kafa cikin 1977, tana horar da malaman firamare, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa tana da sashen koyar da aikin laburare tun 1968. A haɗa shi da mataimaki tun farko, saboda canjin wurin aiki yana zuwa ba sallama. Ran da aka canja shi, a ƙirga littattafai da na'urori a gaban shugaban kwamitin makaranta, sabon malami ya sa hannu a rajista, a miƙa masa mabuɗi a ranar, domin kada aji ko ɗaya ya rasa sa'arsa ta wannan mako.